Fashin Baƙi: Yaushe Mazan Turai Suka Gajarta Riga Suka Koma Matsattsun Kaya?

Duk lokacin da maganar matsattsen wandon samari ta taso, a majalisar bakin titi ko a Facebook, sai ka ji wani ya yanke hukunci: "Ai shigar Turawa ce, su haka suka gada kaka da kakanni." Wani kuma ya ci karo da tsohon zanen Turai, ya ga barde rataye da takobi amma ƙafafunsa cikin wani abu mai kama da doguwar safar mata, ɗaya ja ɗaya fara, ya ce ashe mazan da can kayan mata suke sawa.

Shin da gaske haka Turawa suka taso? Abin da ke ƙafar barden nan wando ne ko safa? Kuma da wannan shiga ta fito, mutanen ƙasar shiru suka yi?

Ba su yi shiru ba. Har zuwa wajen shekarar 1330, babban mutum a Faris ko Landan doguwar riga mai yalwa yake sawa, wadda in ka gan shi daga nesa za ka iya cewa kaftani ne. Cikin shekaru kamar ashirin sai rigar samari ta haye daga ƙwauri zuwa cinya, ta manne a jiki, aka shiga rigimar da ta ɗauki fiye da shekara ɗari tsakanin masu wa'azi, sarakuna, teloli da matasa. Wanda ya bi rigimar a tsanake zai ga cewa kunya tana cikinta, amma abin da ya fi tayar wa masu mulki hankali shi ne wa ya isa ya sa me.

Wane zamani ake magana?

Ƙarni na 14 da na 15 ne, wato ƙarshen abin da masana tarihin Turai ke kira tsakiyar zamani. Don mai karatu ya samu madogara: Mansa Musa ya yi hajjinsa a 1324, Sarkin Kano Yaji ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, Muhammadu Rumfa kuma ya hau a 1463. A Turai lokacin Yaƙin Shekara Ɗari ne tsakanin Ingila da Faransa, daga 1337 zuwa 1453, kuma lokacin annobar da ta ratsa nahiyar daga 1347 zuwa 1351 ta kashe tsakanin kashi ɗaya cikin uku da rabin jama'a. Yaƙin da annobar duk suna da hannu a labarin tufafin nan.

Abin da namiji ke sawa kafin canjin

A jikin fata akwai 'yar ciki ta lilin. A ƙasa kuma akwai wani farin wandon ciki, shi ma na lilin, mai yalwa, yana kaiwa gwiwa ko ƙasa da ita, ana ɗaure shi a ƙugu da igiya kamar yadda zariya ke bi ta cikin ƙubaka. Wannan ba kayan fita ba ne. Ganin wandon cikin babban mutum abin kunya ne.

Sai abin da ke rikita masu kallon zane. Ƙafa ba wando ake sa mata ba, safa ce ta yadi, guda biyu daban-daban, kowace ƙafa da tata. Tana rufe tafin ƙafa, ta bi ƙwauri, ta wuce gwiwa zuwa cinya, a samanta kuma akwai 'yar igiya da ake ɗaurewa a jikin igiyar wandon ciki don kada ta zame. Mu kira ta safar cinya. A kan duk wannan sai riga, wadda ake zurawa ta ka, gajera zuwa gwiwa ga mai aiki, doguwa zuwa idon sawu ga mai hali. Tun da riga ta rufe cinya, ba wanda ke ganin inda safa ta ƙare da inda wandon ciki ya fara.

Ba zane kaɗai ne shaida ba, an samu kayan da kansu. A 1921 aka tono wata maƙabarta a Herjolfsnes da ke kudancin Girinlan, inda sanyin ƙasa ya adana riguna da huluna da safunan ulu na wancan zamani. A 1936 kuma, a wata fadama kusa da garin Varberg a Suwidin, aka ci karo da gawar wani mutum na ƙarni na 14 da kayansa kusan cif: riga, mayafi, hula mai dogon jela da safar cinya.

Mata fa? Su ma suna sa safa, amma tasu iyakarta gwiwa, ana ɗaure ta da maɗauri, kuma doguwar riga ta rufe ta ruf. Bayyana siffar ƙafa a wancan zamani harkar maza ce zalla. Doguwar safar mata da muka sani kayan ƙarni na 20 ce, don haka masu cewa barade sun ari kayan mata sun juya tarihin baibai.

Me ya faru wajen 1340?

Abubuwa biyu suka haɗu, ɗaya daga fagen fama, ɗaya daga shagon tela.

Ta ɓangaren yaƙi, barade sun daɗe suna sa sulke na zobban ƙarfe, wanda ke zuba a jiki kamar riga. A ƙarni na 14 aka fara ɗora farantan ƙarfe a ƙirji da hannu da ƙafa, an ƙera su daidai da gaɓoɓin mutum. Farantin ƙarfe ba ya zama a kan riga mai yalwa, tattarar yadi za ta ci wa mutum fata. Sai aka buƙaci 'yar riga gajera, matsattsiya, wadda aka cusa wa auduga aka bi ta da ɗinki layi-layi. Duk wanda ya taɓa ganin lifidi a hawan sallah ya san irin aikin. Tarihin Kano ma ya ce a zamanin Sarki Kanajeji, 1390 zuwa 1410, lifidi da kwalkwali da sulke suka shigo Kano, ke nan kusan lokaci guda mayaƙan nahiyoyin biyu ke neman maganin matsala iri ɗaya. A jikin wannan 'yar riga ake ɗaure farantan ƙarfen da safar ƙafa. Barde in ya tuɓe ƙarfe sai ya zauna da ita, samarin fada suka gani suka yi sha'awa, domin shiga ce da ke cewa mai ita jarumi ne.

Sunayen ma suna da labari. Ɗaya daga cikin sunayen wannan riga a Faransanci ya samo asali daga kalmar Larabci ta auduga, al-ƙuɗun. Wani sunan kuma daga jubba yake, kalmar da ta ba mu jabba a Hausa.

Ta ɓangaren ɗinki, a da tela kan haɗa riga ne da miƙaƙƙun ƙyallaye, masu kusurwa huɗu da masu kusurwa uku, don kada ko taƙi na yadi ya lalace. Yanzu sai aka koyi yanka yadi a lanƙwashe yana bin ƙirar jiki, aka koyi yanke zagayen hammata a dasa hannun riga a ciki. Ga kuma maɓalli da ƙofarsa, wanda ya bazu a Turai daga ƙarni na 13. Rigar da ake zurawa ta ka dole ta yi faɗin da kafaɗa za ta wuce. Rigar da ake buɗewa ta gaba a ɓalle kuwa, ana iya matse ta yadda ake so.

Akwai irin wannan riga guda da ta tsira, tana gidan adana kayan saƙa na birnin Liyon a Faransa. Ana danganta ta da Charles de Blois, wanda ya nemi sarautar Brittany, wani yanki a arewa maso yammacin Faransa, aka kashe shi a yaƙin Auray a 1364. Ta alharini ce mai zaren zinariya, da maɓallai fiye da talatin jere a gaba, da wasu jere a kowane hannu daga tsintsiya zuwa sama da gwiwar hannu. An yanka ta da tudun ƙirji da siririn ƙugu, a cikinta kuma ga igiyoyin da ake ɗaure safa. Wanda ya san ɗinki in ya ga yadda aka haɗa hannunta, da ƙananan ƙyallaye da suka bazu har tsakiyar baya don mai ita ya iya wulwula takobi ba tare da ɗinki ya ɓarke ba, zai sara wa telan da ya yi ta.

Yadda safa ta zama kusan wando

Nan ne aikin ya yi wuya. Babu roba, babu nailan, kuma saƙar safa da allura ba ta zama ruwan dare ba sai ƙarni na 16. To yaya aka yi yadin ulu ya manne a ƙafa har siffar sha-raɓa ta fito?

Dabarar tana wajen yanka. Yadi in ka ja shi ta tsawo ko ta faɗi ba ya miƙewa, amma in ka ja shi a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, yana bayarwa ya dawo. Sai maɗinka suka riƙa shimfiɗa awon ƙafa a karkace a kan yadin, su yanka, su haɗa da ɗinki guda da ke bin bayan ƙafa tun daga diddige. Wannan yanka yana cin yadi ƙwarai, shi ya sa safa mai zama daram a ƙafa ta zama alamar kuɗi. Ta talaka kan yi jaka a gwiwa, ta tattare a idon sawu. Wasu kan ɗaura maɗauri a ƙarƙashin gwiwa don ta tsaya, kuma sunan wannan maɗauri Sarki Edward na Uku ya ba ƙungiyar baraden da ya kafa a 1348, wadda har yau ita ce lambar girma mafi daraja ta barade a Ingila. Wata safar ma ana ɗinka mata tafin fata a ƙasa, a taka ta ba takalmi, kamar huffi. In za a fita cikin taɓo sai a hau dangarafai na katako.

Da riga ta ci gaba da hawa sama, sai matsala ta bayyana ƙarara. Safa biyu ce a rabe, tsakaninsu ba komai sai farin wandon ciki. Mutum ya sunkuya, na bayansa ya ga abin da bai kamata ba. Matakin farko shi ne a tsawaita kowace safa har ƙugu, a huda bakinta, a huda bakin 'yar rigar, a ɗaure su da gajerun igiyoyi masu kan ƙarfe, irin na igiyar takalmin yau. Wandon ciki ya tsuke ya zama ɗan kamfai. Daga baya, a ƙarni na 15, aka haɗe safunan biyu da ɗinki ta baya, suka zama abu guda. Gaba kuwa aka bar ta a buɗe saboda uzurin ɗan Adam, aka rufe ta da wani ɗan ƙyalle mai kusurwa uku da ake ɗaurewa da igiya a hantsa. Wannan marufin hantsa don sutura aka ƙirƙiro shi. Sai a ƙarni na 16 aka mayar da shi abin taƙama, ana cusa masa tsumma yana tudu, kamar yadda ake gani a zanen Sarki Henry na Takwas na Ingila. Kafin ƙarnin ya ƙare an daina shi.

Yawan igiyoyin nan ya taɓa zama maganar rai da mutuwa. Jeanne d'Arc, yarinyar da ta jagoranci rundunar Faransa a 1429, an gurfanar da ita a birnin Rouen a 1431, kuma cikin manyan tuhumomin akwai sa kayan maza. Takardar tuhumar ta siffanta kayan dalla-dalla, har da cewa doguwar safarta haɗaɗɗiya ce, an ɗaure ta da riga da igiya ashirin. Shekaru ashirin da biyar bayan haka, da aka sake duba shari'ar, shaidu suka faɗa cewa ta yi ta kukan masu gadin kurkuku na neman keta mutuncinta, kuma shi ya sa ba ta yarda ta sassauta igiyoyin ba. Kayan da alƙalai suka kira rashin kunya, su ne garkuwarta a ɗakin da maza ke kwana suna gadinta. An ƙone ta ranar 30 ga Mayu, 1431. Duk lokacin da na karanta wannan ɓangare na shari'ar sai zuciyata ta yi nauyi.

Kowa ya ce baƙo ne ya kawo

Masu rubuta tarihi a lokacin, waɗanda yawancinsu malaman coci ne, ba su ɓoye fushinsu ba. Bayan Ingila ta ragargaza rundunar Faransa a Crécy a 1346, marubucin babban kundin tarihin sarakunan Faransa ya ɗora laifin a kan girman kai da shigar banza. Ya ce rigunan wasu sun gajarce har in sun sunkuya don yi wa ubangidansu hidima sai na baya su ga wandon cikinsu, kuma sun matse har sai an taya su sawa, in ana cire musu kuwa kamar ana fiɗar dabba.

Abin lura shi ne ba ƙasar da ta yarda ita ta fara. A birnin Fulorans na Italiya, Giovanni Villani ya ce Faransawan da suka zo tare da Walter na Brienne a 1342 ne suka koya wa samarin garin. A Milan, Galvano Fiamma ya ce salon mutanen Sifen ne. A Ingila, wani malamin Westminster, John na Reading, ya ce mutanen yankin Hainault, can wajen Beljiyam ta yau, da suka biyo Sarauniya Philippa, matar Sarki Edward na Uku, ne suka lalata Ingilishi. Kowa ya leƙa waje yana neman mai laifi, alhali telolin garinsa ne ke ɗinkawa, 'ya'yan garinsa ne ke biya.

Geoffrey Chaucer, marubucin Ingila da ya rasu a 1400, ya sa wa wani limamin ƙauye wa'azi a baki, kuma wa'azin ya sari ɓangare biyu. Ya soki masu gajarta riga har al'aurarsu ta fito fili, ya ce safar nan mai rabi fari rabi ja tana sa mutum ya yi kama da wanda aka saɓule wa fatar rabin jiki. Ya kuma soki masu wuce gona da iri wajen yawan yadi, waɗanda rigunansu ke jan ƙasa cikin taɓo da kashin dabbobi har su ruɓe, alhali matalauta ba su da abin rufe jiki, kuma almubazzarancin yana ƙara wa yadi tsada. A ganina wannan suka ta biyu ta fi nauyi, ita ce kuma aka fi mantawa da ita.

Su samarin ba su bar mana dogayen rubuce-rubuce na kare kansu ba, amma halinsu ya yi magana. A birnin Benis na Italiya 'ya'yan manya sun kafa ƙungiyoyi da ake kira ƙungiyoyin safa, kowace da launukanta da adonta a ƙafa guda, suna shirya bukukuwa da wasanni. A wurinsu miƙaƙƙiyar ƙafa shaida ce ta ƙuruciya da iya hawan doki da iya rawa.

Doka: kunya ake karewa ko matsayi?

Annobar 1348 ta rage ma'aikata a Ingila, ladan ƙwadago ya tashi. Masu gonaki suka sa aka yi dokoki a 1349 da 1351 don mayar da lada yadda yake kafin annoba, amma abin bai yi tasiri sosai ba. Bawan gida da ɗan ƙwadago suka fara samun rarar da za su sayi yadi mai launi. Shi kuma sabon salon, tun da gajere ne, bai fi ƙarfin mai ƙaramin hali ya kwaikwaya ba.

A 1363 majalisar Ingila ta yi dokar abinci da tufafi, ta jera mutane daki-daki, kowa da iyakar kuɗin yadin da zai sa. Masu tuƙa amalanke, masu huɗa, makiyaya da duk wanda dukiyarsa ba ta kai sule arba'in ba, an ce kada su sa komai sai yadin bargo da wani kaushin ulu, wanda awon yadi ɗaya da kwata bai wuce kwabo 12 ba. Dokar ba ta yi shekara biyu ba aka soke ta.

Shekara ɗari cif bayan haka, a 1463, zamanin Sarki Edward na Huɗu, aka yi wadda ta fi tona asirin lamarin. Ta ce kada wani barde da bai kai matsayin uban ƙasa ba, ko wani mai ƙaramar sarauta, ko kowa ma, ya sa riga sai wadda tsawonta ya rufe al'aurarsa da mazaunansa idan yana tsaye. Tarar sule ashirin ce, fam guda ke nan, kuma telan da ya ɗinka shi ma zai biya. A sake karanta sharaɗin: wanda bai kai matsayin uban ƙasa ba. Manyan hakimai da 'ya'yan sarauta dokar ba ta hau kansu ba. Da sutura ce kaɗai damuwar, ai al'aurar hakimi ma al'aura ce. Dokar ta mayar da gajeriyar riga wata alfarma da aka keɓe wa na sama.

Sauran sassanta ma haka suke. An hana masu matsakaicin hali cusa ulu ko auduga a rigarsu don kafaɗa ta yi faɗi. An hana barorin gona da leburori sa safar da kuɗinta ya wuce kwabo 14, wato sule da kwabo biyu, a irin lissafin da dattawanmu suka yi amfani da shi kafin naira ta zo a 1973. A lokacin lebura a kudancin Ingila kwabo huɗu yake samu a yini, gwanin magini ko kafinta kuma kwabo shida. Ke nan iyakar da aka gindaya ta kai ladan kwana uku da rabi. In har sai da aka yi doka a kan haka, to akwai leburorin da ke kashe fiye da wannan a kan safa.

Ba ina cewa masu wa'azin ƙarya suke yi ba. Siffar da suka bayar ta dace da abin da zane-zane ke nunawa, kuma mutum mai kunya zai kau da kai. Amma masu wa'azi daban, masu yin doka daban. Na biyun sun ari harshen na farkon suka kare abin da ya dame su, wato kada a wayi gari a kasa bambance bara da ubangidansa a kan titi.

Takalmi mai tsini da abin da ya yi wa ƙafa

Matsattsiyar safa tana jan ido zuwa ƙasa, sai takalmi ya ƙarasa layin. Daga wajen 1360 aka shiga yayin takalmi mai dogon baki, wanda Faransawa ke kira ɗan Folan, Ingilishi kuma ke kira da sunan birnin Krakow na ƙasar Folan. Dukawa kan cusa wa bakin gansakuka ko gashi don ya tsaya. An tono irinsu da dama a bakin kogin Thames a Landan, wasu da gansakukar a ciki har yanzu. Sarki Charles na Biyar na Faransa ya hana su a 1368, dokar Ingila ta 1463 kuma ta ce bakin kada ya wuce inci biyu, nan ma ban da manyan hakimai. Littattafan tarihin Suwizalan sun ruwaito cewa a yaƙin Sempach na 1386, baraden Ostiriya da suka sauka daga dawakai sai da suka datse bakin takalmansu kafin su iya yaƙi a ƙasa.

A 2021 masu bincike na Jami'ar Kambirij suka fitar da sakamakon nazarin ƙasusuwan mutum 177 daga maƙabartun garin da kewaye. Suna neman alamar ciwon nan da babban yatsan ƙafa ke karkacewa, gindinsa ya yi ƙullutu. Cikin waɗanda aka binne daga ƙarni na 11 zuwa na 13, kashi 6 cikin ɗari ne ke da shi. Cikin na ƙarni na 14 da 15, kashi 27. A maƙabartar ƙauye kashi 3 ne kacal, a ta gidan malaman coci da ake binne su tare da attajiran gari kuwa kashi 43. Ke nan hatta cikin malaman da ƙa'idarsu ta umarce su da sauƙin tufafi akwai waɗanda yayin ya ja. Manomi da bai da kuɗin yayi ya tsira da lafiyar ƙafarsa.

Talaka da masu sana'a

Mai noma bai iya sunkuyawa da safa ɗaure tam a bayan riga ba. Zane-zanen lokacin girbi suna nuna maza sun kwance igiyoyin baya, ko sun naɗe safar zuwa gwiwa, ko sun tuɓe ta gaba ɗaya sun tsaya daga su sai 'yar ciki da wandon ciki. Safa biyu a rabe ta daɗe a ƙauye bayan birni ya koma haɗaɗɗiya, domin ta fi sauƙin aiki, kuma in ɗaya ta yage ita kaɗai za a sake.

Waɗanda suka ci riba su ne masu allura. Rigar da ke bin jiki ba a ɗinka ta a gida da ka, sai an je wurin gwani ya auna. Sana'ar ta rarrabu, masu ɗinka 'yar riga daban, masu safa daban, masu igiya daban. A Fulorans, lokacin boren ma'aikatan ulu na 1378, an kafa sababbin ƙungiyoyin sana'a uku don ba ƙananan ma'aikata murya a mulkin gari: ta marina, ta masu ɗinka 'yar rigar nan tare da teloli, da ta leburorin ulu. 'Yar rigar nan ta tara ma'aikatan da suka isa a yi lissafi da su a siyasa.

Launi ma kuɗi ne. Shuɗi daga wani ganye ake samunsa mai ba da rini irin na baba. Ja mafi tsada, irin na mulufi, daga wasu ƙananan ƙwari ne da ake tsinta a jikin itatuwa a ƙasashen bakin Bahar Rum. Baƙi mai kyau yana da wuyar rini, kuma ya samu daraja a fadar Philip na Bargandi, wanda ya riƙi baƙaƙen kaya bayan an kashe mahaifinsa a 1419.

Ina doguwar riga ta tafi?

Ba ta ɓace ba. Daga wajen 1380 ma sai ga wata babbar riga mai tattara da faffaɗan hannu, wani lokaci har yana taɓa ƙasa, manya na ɗora ta a kan matsattsun kayan. Dattawa, likitoci, alƙalai da malaman jami'a kuwa ba su taɓa sakin doguwar riga ba, domin a wurinsu tsawon riga shi ne kamala. Rigar da ɗalibai ke sawa ranar yaye su a jami'o'inmu, da wadda alƙalan manyan kotuna ke sawa, daga wannan tsatso suka fito. Hular gashin lauyoyi ce ta zo daga baya, a ƙarni na 17.

Ita kuwa haɗaɗɗiyar safa, a ƙarni na 16 sai ta sake rabuwa, amma a kwance wannan karon. Ɓangaren sama ya zama gajeren wando mai kumbura, na ƙasa ya zama safa zalla, kuma har yau Faransanci na kiran doguwar safa da kalmar da ke nufin "ƙasa". A 1589 William Lee ya ƙera injin saƙa safa a Ingila, yankan yadi a karkace ya fara ja da baya. Mai hali ya ci gaba da sa wando iya gwiwa da safa har ƙarshen ƙarni na 18. Dogon wando zuwa idon sawu kayan matuƙan jirgin ruwa ne da leburori, shi ya sa a juyin juya halin Faransa na 1789 aka riƙa kiran talakawan Faris marasa wando iya gwiwa. Sai a farkon ƙarni na 19 manyan mutane suka karɓe shi.

Dogon wandon da Turawan mulkin mallaka suka shigo da shi Kano da Sakkwato a 1903, kusan shekara ɗari kacal ya yi da zama kayan manya a ƙasarsu. Ya iske Bahaushe da nasa, buje da tsala, mai ƙubaka da zariya da aiki a bakin ƙafa.